Na Wane Ne Abin da Na'ura Ta Auna?

1. Gabatarwa

A zamanin da, idan makaranta ta sayi ma'aunin ruwan sama ta kafa a fili, malami ne kan je da safe ya duba, ya rubuta abin da ya gani a littafi, ya mayar da littafin cikin kabad. Ma'auni na makaranta ne, littafi ma na makaranta ne, ba mai gardama. Yanzu kuwa al'amari ya sake. Mota da tarakta da mitar lantarki da agogon hannu, har da 'yar na'urar nan da likitoci kan dasa a ƙirjin mai ciwon zuciya, duk suna awo dare da rana, suna kuma aikawa da abin da suka auna ta intanet zuwa ga kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su. Mai kaya ya biya kuɗinsa, kaya suna hannunsa, amma littafin yana kabad ɗin wani a wata ƙasa mai nisa. Daga nan ne tambaya ta taso wadda ta dami masana shari'a da manoma da makanikai: abin da na'ura ta auna, na wane ne?

Abin da wannan takarda ta ke nufin nunawa shi ne, tambayar nan, ko da ya ke ɗaya ce a baki, tambayoyi huɗu ne aka cusa cikin riga ɗaya, kuma ba a sami hanyar warware ta ba sai da aka rarrabe su. Za a fara da kalmomi, sa'an nan a bi ta kan nahawu da shari'a, a ƙare da batun buɗe wa kowa.

2. Kalmomi

Kalmomi uku su ke bukatar a daidaita su tun da fari. Ta farko ita ce sunan ɗan abin da ke cikin na'ura mai jin zafi ko motsi ko haske ko danshi, ya mayar da abin da ya ji lamba. Turawa suna ce masa sensa. A nan an kira shi ma'auni, jam'i ma'aunai, domin aikinsa ke nan. Ta biyu ita ce sunan lambobin da ma'auni ya fitar, tare da lokaci da wurin da aka yi awon. Su aka kira bayanai. Da an ari kalmar data, sai dai Hausar kasuwa ta riga ta ba ta wani aiki, watau abin da mutum kan saya ya zuba a wayarsa don ya shiga intanet. In aka ce datar manomi, mai sauraro zai zaci cajin waya a ke nufi. Ta uku ita ce na'ura mai sadarwa, watau kowane kaya mai ma'auni a ciki wanda ke aika bayanansa da kansa, ba sai mutum ya kwafe su ba. A 1999 wani mutumin Ingila, Kevin Ashton, yana aiki a kamfanin Procter & Gamble, ya laƙaba wa wannan tsari sunan da ma'anarsa ita ce intanet na abubuwa, sunan kuma ya bi shi har yau.

3. Hanyar da Bayanai ke Bi

A ɗauki tarakta ta zamani a yi misali da ita. A jikinta akwai ma'aunin da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan adam ya faɗi inda ta ke, da mai auna zafin inji, da mai auna man da ta sha, da mai ƙidaya sa'o'in aiki. Injin girbi ma ya kan auna yawan hatsin da kowane sashe na gona ya bayar. Wani ɗan akwati mai layin waya a ciki shi ke tattara lambobin nan ya aika da su ga rumbun kamfani, watau manyan kwamfutocin ajiya. Abin da ke komowa ga manomi a fuskar wayarsa taƙaitawa ce, gwargwadon abin da kamfani ya ga dama ya nuna masa.

Darajar bayanai ba ta fitowa sosai sai an tara su. Awon gona ɗaya labarin gona ɗaya ne. Amma wanda ya riƙe awon dubban gonaki ya san yadda damina ta yi kafin 'yan kasuwa su sani, ya san wane iri ya fi bayarwa a wace irin ƙasa, ya kuma san wane ƙarfe ne a cikin inji ya kusa karyewa. Saboda wannan ne kamfanoni ba sa son sakin mabuɗin rumbu.

Abin bai tsaya a Turai da Amurka ba. Kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014 ya fara aiki a Nijeriya, yana manna irin wannan akwati a jikin tarakta, don mai ita ya ba da hayarta ga ƙananan manoma yana ganin inda ta ke da faɗin ƙasar da ta nome. To, a aikin yini ɗaya huɗu ke da hannu: mai tarakta, da direba, da mai gona, da kamfani. Kowannensu yana iya cewa bayanan nasa ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

4. Abin da Nahawu Ya Nuna

Dalilin da ya sa ba wanda ya yi ƙarya yana cikin harshe. Littattafan nahawu na makaranta su kan kira nawa, naka, nasa doguwar mallaka, su kira -na, -nka, -nsa gajeruwar mallaka. Wannan laƙabi ne kawai. Mahaɗin nan -n ko -r aikinsa ya ɗaure suna da suna, bai damu da irin dangantakar da ke tsakaninsu ba. Rigar mutum tasa ce, yana iya sayarwa. Garinsa fa, ko ubansa, ko ciwonsa? Ɓarawon akuya ma ba akuya ce ta mallake shi ba. In aka ce hoton sarki, ana iya nufin hoton da sarki ya ke ciki, ko wanda ya ɗauka da hannunsa, ko wanda ke rataye a fadarsa ko da hoton wani ne.

Haka bayanan manomi su ke. Ƙarƙashin wannan -n ɗaya akwai tambayoyi huɗu:

(a) Wa bayanan suka shafa, watau labarin wa su ke bayarwa?
(b) Aikin wa ya haifar da su?
(c) A hannun wa su ke ajiye?
(d) Wa ke da iznin dubawa, ko ba wani, ko sayarwa?

Uku na farko amsarsu a fili ta ke, da bincike a ke gano ta. Ta huɗu ce kaɗai a ke jayayya a kai, ita ce kuma aikin doka.

Akwai wani abu kuma da ya raba bayanai da sauran dukiya. Wanda aka ɗauke wa akuya ya rasa akuya. Amma matar da maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta a murhunta, wutarta ba ta ragu ba. Bayanai irin wuta ne: ana kwafarsu sau dubu, na asali suna nan. Don haka ƙa'idodin da aka gina a kan abin da hannu ɗaya kaɗai ke iya riƙewa ba su zauna musu daidai ba. Abin da ya fi kama da su shi ne gonar da haƙƙoƙi da dama su ke kanta a lokaci guda, kamar yadda aka saba a wurare da yawa na ƙasar Hausa: wannan shi ke noma, wancan shi ke cin 'ya'yan ɗorawar da ke ciki, makiyayi kuma ya shigo da dabbobinsa bayan girbi.

5. Abin da Shari'a Ta Tarar

Da masana shari'a suka duba tsofaffin dokoki, sai suka tarar ba wadda ta mayar da bayanai dukiya. Kundin dokokin zaman jama'a na Jamus, a sashe na 90, ya ce abin da ke da jiki kaɗai a ke kira abu. A Ingila, a 1978, an yanke wata shari'a da malaman makaranta za su so ji. Wani ɗalibin Jami'ar Liverpool ya sami takardar tambayoyin jarrabawa kafin ranarta, ya karanta, da niyyar mayar da ita. Aka tuhume shi da satar abin da ke rubuce a ciki, kotu ta ce asirin da ke cikin takarda ba dukiya ba ne da dokar sata ta sani. A Amurka, a 1991, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan littafin lambobin tarho cewa haƙƙin mawallafi ba ya hawa kan tsurar gaskiyar abu, sai kan abin da mutum ya ƙago. Zafin inji da ƙarfe goma na safe tsurar gaskiya ce. Ba wanda ya wallafa shi.

A 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta kawo shawarar a ƙirƙiro sabon haƙƙin mallaka ga wanda ya samar da bayanan na'ura. Masana da dama suka ƙi, cikinsu har da na Cibiyar Max Planck ta nazarin ƙirƙira da gasar ciniki da ke Munich. Hujjarsu ita ce, abin da aka mallaka ana iya sayar da shi, kuma mai ƙarfi zai sa a sallama masa shi tun ranar ciniki. Ashe sabon haƙƙin ƙara wa rumbu kwaɗo zai yi. Aka bar shawarar.

Inda doka ta yi shiru, amsar tambaya ta uku ita ke cinye ta huɗu: wanda ya riƙe rumbu shi ke da iko, sharuɗɗansa kuma su ne waɗanda mai saye kan amince da su da taɓa fuskar waya ba tare da ya karanta ba. An ga ƙarshen wannan a Amurka. A watan Maris na 2024 jaridar New York Times ta bayyana cewa kamfanin General Motors yana miƙa bayanan tuƙin masu motocinsa, kamar gudu da taka birki da ƙarfi, ga dillalan bayanai masu hulɗa da kamfanonin inshora, har waɗansu direbobi suka ga kuɗin inshorarsu ya hau ba su san dalili ba. A watan Janairu na 2025 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta fitar da matakin hana kamfanin yin haka har shekara 5.

6. Hanyar da Turai Ta Bi

Tarayyar Turai ta raba matsalar biyu. Tambaya ta farko ta amsa ta da babbar dokar kare bayanan mutum, wadda ta fara aiki ran 25 ga Mayu, 2018. Bisa ga wannan doka, duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, mutumin yana da ikon ya gani, ya sa a gyara, a waɗansu halaye ya sa a share, ko ya ɗauka ya kai wani wuri. Amma ba ta shafi awon da ba na mutum ba, kamar danshin ƙasa ko jijjigar inji.

Sauran aka yi musu Dokar Bayanai ta 2023, wadda ta fara aiki ran 12 ga Satumba, 2025. Abin lura a cikinta shi ne ba ta ce bayanai na wane ne ba. Ta tsallake mallaka, ta rarraba izni. Ga manyan ƙa'idodinta:

(a) Kafin ciniki, lalle ne a gaya wa mai saye irin bayanan da na'ura za ta fitar da yadda zai same su.
(b) Mai amfani da na'ura, ko saye ya yi ko haya, yana da ikon samun bayanan da amfaninsa ya haifar, kyauta, a sigar da kwamfuta ke iya karantawa.
(c) Yana da ikon ya sa a miƙa su ga wanda ya zaɓa, kamar makanikin unguwarsu.
(d) Kamfani ba shi da ikon amfani da bayanan da ba na mutum ba sai da yarjejeniya tsakaninsa da mai na'ura.

An kuma tsare wa kamfani nasa rabo. Dokar ta hau kan ɗanyen awo ne, ba ta hau kan abin da kamfani ya sarrafa daga gare shi da lissafinsa na musamman ba. Watau gyaɗa a ke rabawa, ban da man da aka matse. Ba a yarda a yi amfani da bayanan don ƙera na'ura mai gasa da ta asali ba, an ba asirin sana'a kariya, an kuma hana a miƙa bayanan ta wannan hanya ga ƙattin kamfanonin intanet irin su Google da Amazon da Meta.

Jihar Massachusetts ta Amurka ta bi irin wannan hanya a ƙaramin fage. A watan Nuwamba na 2020 kusan kashi 75 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka yarda a tilasta wa masu ƙera motoci su buɗe bayanan gyara ga mai mota da makanikin da ya so. Masu ƙera motoci suka kai ƙara, aka yi shekaru ana shari'a.

7. Buɗe wa Kowa

Ba mai na'ura bayanansa mataki ne ɗaya. Buɗe su ga duniya duka wani mataki ne dabam. Ba a cewa bayanai a buɗe su ke sai kowa na iya samunsu, a sigar da kwamfuta ke karantawa, da rubutaccen iznin a yi amfani da su a kuma rarraba. Masu duban yanayi su suka daɗe da wannan al'ada, domin hadari bai san kan iyaka ba. Hukumar Yanayi ta Duniya ta rubuta ƙa'idar musayar muhimman bayanai kyauta a 1995, ta faɗaɗa ta a 2021.

Abin da arahar ma'aunai ta kawo sabo shi ne talakawa ma sun shiga awo. Bayan girgizar ƙasa ta 11 ga Maris, 2011, da lalacewar tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, mutane sun rasa sahihin labarin yawan tururin guba a unguwanninsu. Sai waɗansu 'yan sa kai suka kafa ƙungiyar Safecast, suka harhaɗa ma'aunin da a ke ɗaurawa a jikin mota, yana awo kowace daƙiƙa 5 yana rubuta wurin. Awon da suka tara ya haura miliyan 100, suka sake shi da takardar iznin da a ke kira CC0, watau sun yafe kowane haƙƙi. A birnin Stuttgart na Jamus, daga 2015, mazauna gari suka shiga rataya ƙananan ma'aunan ƙura a bangon gidajensu, aikin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa da sunan Sensor.Community. A Afirka akwai shirin TAHMO, wanda malaman Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan da Jami'ar Jihar Oregon a Amurka suka assasa, da burin kafa tashoshin yanayi 20,000, kilomita 30 tsakanin wannan da wancan. Da yawa daga cikin tashoshinsa a harabar makarantu su ke, har da na Gana da Nijeriya. Shi tsaka-tsaki ya bi: masu bincike su samu kyauta, 'yan kasuwa su biya, kuɗin ya riƙe tashoshi.

Labarin Beijing ya nuna ƙarfin buɗaɗɗen awo, ya kuma nuna rauninsa. A 2008 ofishin jakadancin Amurka ya kafa ma'auni ɗaya a kan rufinsa, yana auna ƙura mai laushi wadda faɗin ƙwayarta bai wuce kashi 1 cikin 400 na milimita ba, irin wadda ke shiga can cikin huhu, yana kuma shelar awon kowace sa'a a Twitter. Mutanen gari suka riƙa gwada shi da abin da hukuma ke faɗi. A 2012 ƙasar Sin ta sa wannan ƙura cikin ƙa'idodinta na iska, a farkon 2013 birane 74 suka fara bayyana awonsu. Amma a watan Maris na 2025 Amurka ta dakatar da rarraba awon iska na ofisoshin jakadancinta, ta ce don ƙarancin kuɗi. Biranen da suka dogara da shi suka wayi gari ba labari. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

8. Inda Buɗewa ke Cutarwa

Ba kowane awo ne ya kamata a buɗe ba. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin Strava, mai tattara bayanan masu guje-guje daga wayoyi da agogunansu, ya fitar da taswirar duniya mai nuna hanyoyin da mutane suka fi bi, ba sunan kowa a ciki. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa a tsakiyar jejin Siriya da Afganistan akwai 'yan zobba masu haske: sansanonin soja ne, sojoji na kewaya su da gudu kowace safiya.

Cire suna bai isa ba. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka yi a kan zirga-zirgar wayoyin mutum miliyan 1.5 cikin wata 15, ya nuna cewa sanin wuri huɗu da lokacinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Dalili a fili ya ke: mai kwana a gida kaza ya yini a makaranta kaza ba ya wuce mutum ɗaya ko biyu. Mitar lantarki mai awo kowane minti 15 ma tana faɗin lokacin tashin mutanen gida da ranar da suka yi tafiya. Saboda haka ne a 2009 majalisar dattawan Holan ta ƙi yarda a tilasta wa kowane gida irin wannan mita.

Ƙa'idar da ta fito daga nan mai sauƙi ce. Awon da ya shafi duniya, kamar iska da ruwan sama da cikar kogi, buɗe shi alheri ne. Awon da ya shafi mutum, kamar sawunsa da bugun zuciyarsa da cikin gidansa, sai da izninsa, domin magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

9. Kammalawa

Gana ta yi dokar kare bayanan mutum a 2012, Nijar a 2017, Nijeriya kuma a watan Yuni na 2023. Dokokin nan duka tambaya ta farko suka amsa, watau bayanan da suka shafi mutum. Awon gona da na inji da na rijiyar burtsatse, in bai nuna wani mutum ba, abin da aka rubuta a takardar ciniki shi ke hukunta shi. Saboda haka shugaban kwaleji ko na ƙungiyar manoma da aka kawo wa na'ura mai sadarwa, ko da kyauta ce, ya kamata kafin ya sa hannu ya nemi amsa a rubuce: me ta ke aunawa, ina a ke ajiyewa, zai iya karɓar ɗanyen awon duk sa'ad da ya so, wa kuma za a ba ban da shi, me zai sami bayanan ranar da kamfani ya rufe ko shirin ya ƙare?

Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki. Takardun nan da Turanci ko Faransanci su ke zuwa, mai fassara kuwa in ya rubuta bayananka ya tsaya nan, ya bar manomi da mahaɗin da ke ɗaukar ma'ana huɗu. Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba: akwai mallaka, akwai riƙo, akwai amana, akwai aro da haya da jingina, kowace da hukuncinta da jama'a suka sani. Kamfanin da ya ce mallaka ya ke yi, da wanda ya ce amana ya ke riƙewa, alkawari biyu dabam suka ɗauka, kuma haƙƙin mai sa hannu ne ya ji wanne aka yi masa da harshen da ya ke ji.